Kwano Mai Jan Fenti

Duk wanda ya taɓa shiga motar safe daga Maitenco zuwa Temuco, a kudancin Chile, ya san direba yakan rage gudu a daidai ƙofar gonar Gisler. Ba rami a wurin, ba kwana. Rosenda Quilaqueo ce take buƙatar lokaci. Takan zuge gilashin taga, ko da ruwan sama ake tsugawa, ta leƙa kai waje ta aika wa mai gonar abin da ta tanadar masa tun daga gida. Wata rana shanunsa take yi wa fatan tsiya, wata rana haƙoransa, wata rana ta haɗa har da kakansa, wanda ya zo daga ƙetaren teku da akwati ɗaya ya mutu da rabin kwarin a hannunsa. Ba ta maimaita zagi. Fasinjoji sukan yi tsit su saurara, in ta rufe taga wani ya ce, "Na yau bai kai na ranar Talata ba, papay," wato iya. Ita kuma ta ce masa ya yi haƙuri, ana nan zuwa kansa.

Ta haura saba'in. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, kullum da ɗankwali mai furanni da takalmin roba na maza. A kasuwa tana sayar da dafaffiyar alkama da ƙwai da yajin barkono mai hayaki, kuma masu saye sun san ba a yi mata ciniki sau biyu.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, mutumin da take zagi, Arnoldo Gisler, a bayanta ya girma.

Tana 'yar shekara goma sha biyu mahaifinta ya kai ta aiki gidan Gisler, domin gonarsu ta yi wa bakunan gidan kaɗan. A shekarar aka haifi Arnoldo. Uwarsa, Doña Hilda, mace ce mai yawan ciwon kai, don haka jaririn ya koma hannun Rosenda. Ita ta yaye shi, ita ta koya masa tafiya, kuma a ɗakin girki, inda ba mai jin su, ta koya masa harshen mutanenta, Mapuche, har ya iya shi kafin ya iya na gidansu da kyau. Yana ce mata Chenda. Duk abin da ta sani na al'adar mutanenta sai da ta zuba masa, ba don wata manufa ba, sai don ba ta da wani abokin hira.

Mutanen gidan Gisler suna da wata ɗabi'a: komai nasu sai sun yi masa shaida. Shanu da wuta, buhuna da tawada, kayan aiki da haruffan suna a ƙone a jikin ƙota. Makon da Rosenda ta zo, Doña Hilda ta sayo kwanon ƙarfe fari, ta kifa shi, ta ɗiga masa jan fenti a gindi. Wannan shi ne na Rosenda. Ba ya shiga kabad, a ƙusa yake rataye bayan ƙofa. Ba a wanke shi da na gida, sai a famfon tsakar gida inda ake wanke na karnuka. Arnoldo yana ƙarami ya taɓa sa hannu a ciki ya ɗauki dankali, uwarsa ta gani, ta wanke masa baki da sabulu, Rosenda kuma ta kwana ba abinci.

Ta kusa talatin ta bar gidan, ta auri Segundo, wanda ya dawo daga Santiago bayan ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan burodi, da tari a ƙirji wanda bai rabu da shi ba har ya tafi da shi. Ranar da za ta tafi ba ta ɗauki komai na gidan ba sai kwanon.

"Me za ki yi da wannan abin baƙin cikin?" Segundo ya tambaye ta.

"Ban sani ba tukuna," ta ce, ta jefa shi ƙasan akwati.

Duk da haka ba kwano ne ya jawo zagin ba. Rafi ne.

Rafin Maitenco yana gangare, bayan gonar Gisler. A takarda na gidan Gisler ne, amma ko tsohon Gisler, da duk rowarsa, bai taɓa tare hanyar ba. A tsakiyar hunturu, in dare mafi tsawo ya ƙare, rana ta fara dawowa, shekara ke nan ta sabunta. Kafin gari ya waye kowa yakan gangara rafi, tsoho da yaro, a shiga ruwa a wanke tsohuwar shekara ta bi ruwa ta tafi. Dole ruwan ya zama mai gudu. Rosenda ta sha saɓa Arnoldo a kafaɗa ta gangara da shi a ɓoye, ta tsoma shi yana tsala ihu, ta dawo da shi gado kafin uwarsa ta farka.

Shekarun baya aka sace wa Arnoldo shanu. Ya ce ta hanyar rafi aka bi da su. Bai kira kowa ya yi magana ba, sai gani aka yi ya ja waya mai ƙaya daga bakin titi har ƙasa, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Dattawa suka je, ya tsaya da su a waje. Rosenda ta je da kanta, ya aiko aka ce yana barci. Washegari ta zuge tagar mota karo na farko.

Tun daga nan matasa sukan yi hayar a-kori-kura su tafi wani kogi mai nisa. Rosenda ba ta bin su. Wancan ba ruwanta ba ne, bai san ta ba. Rijiyoyi kuwa sun ƙafe tun da aka cika tuddai da itacen turare na kamfanonin katako, sai tankar hukuma ke kawo ruwa a zuba a shuɗayen duro. Da wannan take watsa wa kanta a bayan ɗaki kowace sabuwar shekara, tana jin tsohuwar shekarar tana taruwa a ƙarƙashin ƙafarta ba ta je ko'ina ba.

A bana likita ya duba ƙugunta ya ce sai an yi aiki in hunturu ya wuce. Ta ga yadda mijin maƙwabciyarta Zoila ya koma bayan irin wannan aikin, daga gado sai kujera. Ta san ko aikin ya yi kyau, wannan gangaren mai santsi ba za ta sake saukarsa ba. In ba ta shiga rafin a bana ba, ta gama shigarsa.

Da gwamnatin Chile ta mai da lokacin sabuwar shekarar tasu ranar hutu ta ƙasa, don girmama 'yan asalin ƙasa da tarihinsu, Rosenda tana tsince alkama aka faɗa a rediyo.

"An ba mu hutu, ñaña," ta ce wa Zoila ta kan shinge, da kalmar da matansu ke kiran 'yar'uwa. "Je ki sanar da kaji."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, hutun yakan faɗo a ranar da masu lissafin taurari suka tsayar, su kuwa mutanen Maitenco tun kakanni sai 'yan kwanaki bayan nan suke yin nasu. Ko ranar ba a tambaye su ba. Ba ta taɓa zuwa bikin da ƙaramar hukuma take shiryawa a filin makaranta ba.

Ana saura mako guda hutun bana, Millaray ta zo. 'Yar ƙanin Segundo ce, ta yi karatu, tana aiki a ofishin al'adu na ƙaramar hukuma. Ta sami Rosenda da Zoila a bakin murhu suna shan mate, shayinsu na ganye. Ta zauna, ta sha nata, ta yi ta kewaye-kewaye kan ciwon ƙugu da tsadar man girki.

"Faɗi abin da aka aiko ki," Rosenda ta ce. "Kin zauna kamar kaza a kan ƙwan agwagwa."

"Papay, shugaban ƙaramar hukuma yana so a yi misawün a bikin bana. Mutum ɗaya daga cikinmu, mutum ɗaya daga cikin masu gonaki. Su ci kwano ɗaya a gaban jama'a."

"To, a nemo mahaukata biyu."

"Maigida Arnoldo ya yarda." Millaray ta sunkuyar da kai. "Kuma shi ya ce ke."

Zoila ta ajiye butar da ke hannunta. Mace ce mai sanyi, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ko ga kare ba, amma a nan sai da ta ce, "Kai! Wannan ba wasan makaranta ba ne, 'yar nan. Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Na faɗa musu a ofis, suka ce ai alama ce kawai."

Ba alama ba ce, kuma duk su ukun sun sani. Mutum biyu in suka ci kwano ɗaya da cokali ɗaya har suka ga gindinsa, sun ɗaure ke nan. Daga ranar kowa yana kiran ɗan'uwansa misa. Ba ya hana shi abin da ya roƙa in yana da shi, ba ya kuma faɗin mummunar kalma a kansa, a gabansa ko a bayansa, har ɗayansu ya mutu. Wanda ya karya, shi ya kwance ɗayan, kuma ba mai sake cin abinci da shi.

Rosenda ta juya ga Millaray.

"Wa zai dafa?"

"Duk wanda kike so, papay."

"Ni zan dafa. Je ki ce musu na yarda."

Bayan Millaray ta fita, Zoila ta matso. "Ñaña, kin yi tunani? Bakin nan naki shi ne gonarki, shi ne shanunki. In kin rufe shi me ya rage miki?"

"Rafi. In ya haɗiye lomar ƙarshe, ƙofar nan ta buɗu. Ni na koya masa dokar, ba zai ce bai sani ba."

"Abin da ya sa nake tsoro ke nan. Wingka, bare da ba namu ba, da ya san doka kuma ya kawo kansa?"

"Tsufa ne ya fara taɓa shi. Yana so ya mutu da mutuncinsa."

Ranar hutun aka tashi da yayyafi. An kafa rumfar leda a filin makaranta, an ɗaga tutoci biyu, lasifika tana ta ƙara tana ɗaukewa. Shugaban ƙaramar hukuma ya zo cikin sabon bargon saƙa wanda har yanzu da karin ninki a jikinsa, ya gaida jama'a da kalma biyu ta Mapuche, ya ƙarasa da dogon jawabi kan gudummawar 'yan asalin ƙasa. Yara suka yi rawa a cikin taɓo, iyayensu mata suna sanye da azurfar kakanni suna ɗaukar su a waya. A gefe ana soya fanke, hayaƙin naman doki ya cika wurin. Mutane sun zo fiye da kowace shekara, kuma ba don jawabi ba.

Rosenda ta iso da tukunya a cikin kwando, sanye da kayan kasuwarta. Ba ta sa azurfa ko ɗaya ba.

Arnoldo yana zaune a teburin da aka ajiye tsakiyar rumfa. Ya zama ƙaton mutum mai jar fuska, gashinsa ya yi fari, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ko don biki bai cire ɗamararsa ta aiki ba, filayar gyaran shinge tana nan a kube a ƙugunsa kamar kullum. A kan teburin an ajiye wani akushi mai sassaƙa da aka aro daga ofis.

Rosenda ta ture akushin gefe. Ta sa hannu a kwando ta fito da kwanon ƙarfe, farinsa ya ɓamɓare a baki, ya lotsa a gefe ɗaya. Kafin ta ajiye sai da ta juya shi, a hankali, yadda gindinsa zai kalli Arnoldo.

Ya ga jan fentin. Wuyansa ya ƙara ja.

"Kin ajiye shi," ya ce da harshen Mapuche, ƙasa-ƙasa.

"Na wanke shi a wurin karnuka, kada ka damu. Yadda aka saba."

Ta zuba abincin: alkama da dankali da nama, romon ya yi jawur. Tun yana yaro Arnoldo ba ya iya cin yaji, ko kaɗan ne sai ya yi ta shaƙuwa. Ta zazzage masa na rabin wata a tukunyar.

Millaray ta yi bayani a lasifika. Aka yi tafi. Rosenda ta ɗebi cokalin farko ta ci, ta miƙa masa. Ya karɓa, ya kalli cokalin, ya ɗiba ya kai baki. Kafin ya haɗiye idanunsa sun kawo ruwa.

"Kina so ki kashe ni, Chenda."

"Da ina so, da tun kana cikin tsumma na yi. Ci. Ba a bari."

Suka yi ta miƙa wa juna. Hawaye na bin kumatunsa, hancinsa na zuba, yana shaƙuwa yana ci. Wani mai ɗaukar hoto ya durƙusa gabansa don ya samu hawayen da kyau, shugaban ƙaramar hukuma ma ya ciro hankici ya goge nasa idon. Mutanen Maitenco, da suka san yajin Rosenda, suka riƙa cusa baki a mayafi.

"Ba a kawo maka sabulu ba," ta ce. "Ko in aika?"

"Bar uwata ta kwanta."

"Ban taɓa ta ba. Tambaya na yi."

Lomar ƙarshe ta faɗo a kansa. Ya kankare kwanon har ƙarfe ya yi ƙara, ya haɗiye, ya ajiye cokali. Aka ɓarke da tafi, wani ya buga ganga.

Rosenda ba ta jira tafin ya lafa ba. Ta miƙe ta dafa tebur, ta ɗaga murya yadda na bayan rumfa za su ji.

"Misa. Ina roƙon abu ɗaya. Ka buɗe hanyar rafi kafin sabuwar shekara."

Arnoldo ya goge bakinsa da bayan hannu, ya sha ruwa, bai yi sauri ba.

"Da ina da shi, da na ba ki, misa," ya ce, shi ma da ƙarfi, da harshen da ta koya masa. "Gangaren ba nawa ba ne. Na sayar wa kamfanin katako tun kaka. Ƙofar tasu ce, makullin yana hannunsu."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Wayyo." Shugaban ƙaramar hukuma, da ba ya jin abin da ake faɗa, ya juya ga Millaray yana murmushi yana jiran fassara. Millaray ta kashe lasifikar.

"Ka san haka kafin ka ɗauki cokali," Rosenda ta ce.

"Na sani."

"Kai ka ce a kira ni."

"Ni na ce. Shekara nawa ina shan zaginki ta tagar mota? Jikokina sun haddace, suna yi min a tebur. Ma'aikatana in sun ji ƙarar motar sai su ajiye aiki su zo bakin ƙofa. Na gaji, Chenda. Ke kika koya min yadda ake rufe bakin mutum, ban ƙara komai nawa ba."

Zagin ya taso mata tun daga ciki. Ba ta taɓa haɗa mai kyau irinsa ba, ya zo a shirye, da kakansa da uwarsa da jikokin duka a jere. Ta ji shi a maƙogwaro. Ta ga idanun mutanen garinta a kanta, waɗanda suka ga ta kankare kwano ɗaya da shi yanzun nan. In ta buɗe baki, ita ta karya, kuma ya ci riba biyu. Ta haɗiye. Ya fi yajin zafi.

Tana tsaye a haka idonta ya sauka kan ƙugunsa.

"To, na ji," ta ce. "Abin da ba ka da shi ba a tambayarka. Ara min filayarka."

Ya kai hannu kan kuben kamar wanda aka taɓa wa ciwo. "Me za ki yi da ita?"

"Misa ba ya tambayar misa me zai yi da aro. Ko wannan ban koya maka ba?"

"Kin koya min."

"To, kana da ita ko ba ka da ita? Ga ta can ina gani."

Bai motsa ba. Sai ga muryar Zoila daga cikin mata, siririya, amma kowa ya ji: "In ka hana ta, maigida Arnoldo, kai ka kwance ta. Kuma gobe akwai mota."

Aka tuntsure da dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji in da kai ake. Arnoldo ya kalli jama'a, ya kalli mai hoto da ke durƙushe har yanzu, ya kalli Rosenda. Ya zare filayar ya jefa ta cikin kwanon, ta yi ƙara. Shugaban ƙaramar hukuma ya ɗauka musayar kyauta ake yi, ya soma tafi shi kaɗai.

Rosenda ta ɗauki filayar ta sa a kwando. Kwanon kuwa ta tura masa.

"Wannan ka tafi da shi. Ka san yadda ake yi, wanda aka ciyar shi ke cikawa ya dawo da shi. Ba na son gishiri da yawa."

Da yamma, ruwa ya ɗan tsagaita, ta tafi bakin shingen. Samari sun biyo ta, kowa na cewa a ba shi, ta kore su. "Ku in kun taɓa, gobe kuna ɗaure a Temuco, iyayenku mata su zo su cika min gida da kuka. Ni wa zai ɗaure? Sai dai su yi min aikin ƙugun a can." Zoila kaɗai ta bari ta riƙe mata sanda.

Wayar ta fi ƙarfin hannunta. Sai da ta haɗa hannu biyu ta danna da ƙirji kafin ta farko ta tsinke, ta yi tsalle ta yage mata hannun riga. Ta huta, ta kama ta biyu. Kafin ta gama da ta ƙasa, a durƙushe, duhu ya fara, kuma sai da Zoila ta ɗaga ta.

Daga nan ta ɗauki guntun waya ta rataye filayar a jikin turken shingen, ta gyara mata zama yadda haruffan da aka ƙona a ƙotarta, A da G, za su kalli titi.

"Ñaña," Zoila ta ce, "mutanen kamfani za su gani."

"Da ido aka halicce su."

"Misa ba ya cutar misa."

"Na zage shi? Kin ji na ce wani abu? Aro na yi, na ajiye masa inda ba zai ɓata ba."

Ranar sabuwar shekararsu, da asuba, mutanen Maitenco suka bi ta ɓarakar ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi hayar mota. Rosenda ta sauka gangaren da baya-baya, tana riƙe da saiwoyi, ba ta yarda kowa ya ɗauke ta ba. A hasken tocila ta ga an riga an haƙa ramukan dashe a jere, layi-layi har bakin ruwa. Rafin ya ragu, bai kai yadda ta bar shi ba, duwatsun da take tsayawa a kai da Arnoldo a kafaɗa duk sun fito fili. In itatuwan nan suka kama, ta san abin da zai rage.

Amma yana gudu. Ta shiga har gwiwa, sanyin ya soke ta har ƙwaƙwalwa, ta kamfata da hannu biyu ta zuba a ka, ta sake, ta sake. Shekarun duro ne a jikinta, ba ɗaya ba, don haka ta daɗe fiye da kowa. Sai da leɓɓanta suka yi shuɗi Zoila ta jawo ta. Hawowa ya ɗauke ta har rana ta fito, kuma ta kwana biyu ba ta iya taka ƙafar ba.

Kamfani ya gyara shingen a makon. An ga motarsu a ƙofar Arnoldo, an ga ta 'yan sanda ma, kuma an ce ya yi ta bayani a tsaye a cikin ruwan sama, domin ba wanda ya ga komai a duk Maitenco sai filaya mai sunansa. Bai ambaci Rosenda ba. Ba zai iya ba. Kwanon kuma har yanzu bai dawo da shi ba. Matar da ke musu aiki ta ce yana nan a kan teburin ɗakin girki, ya hana a sa shi a kabad, ya hana a rataye shi a ƙusa, kowa sai kewaye shi yake yi.

Ranar da Rosenda ta koma kasuwa, motar ta cika. A daidai ƙofar gonar direba ya rage gudu, ƙafarsa ta riga ta saba. Arnoldo yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, kuben ƙugunsa ba komai. Rosenda ta kai hannu ga gilashi, ta tsaya. Motar ta yi shiru har ana jin kaji a kwando.

Ta zuge tagar.

"Ina kwana, misa," ta ce, kamar mai tofar da ƙashin kifi.

Ya ɗaga hula. "Lafiya lau, misa. Ya ƙugu?"

Sai Zoila, da ke zaune kusa da ita, ta miƙe, ta tura kai ta saman kafaɗar Rosenda. "Ni dai ban ci da kai ba!" ta ce da ƙarfi. "Kai... kai mugu! Mai... mai ƙaton kai! Allah ya sa shanunka su... su yi rashin lafiya!"

Direba ya taka mota. Zoila ta zauna tana haki, fuskarta ta yi ja, ta kalli Rosenda tana jiran yabo.

"Su yi rashin lafiya," Rosenda ta ce. "Shekara nawa kina zaune kusa da ni a motar nan?"

"To me zan ce? Faɗa min a kunne, gobe in faɗa."

Rosenda ta buɗe baki. Duk motar ta karkato. Ta rufe shi, ta ja tagar da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara, ta gyara kwandon ƙwai a cinyarta, ba ta sake cewa uffan ba har Temuco.